Na Uku a Wasan Mutum Biyu: Aikin Bayan Fage a Barkwancin Talabijin, daga Morecambe da Wise zuwa Dandalin Hausa

Gabatarwa

Wasan barkwanci na mutum biyu, wato wanda ake ɗora nauyin ba da dariya a kan musayar magana tsakanin ƴan wasa biyu da masu kallo suka saba ganinsu tare, yana cikin sigogin nishaɗi da suka fi dacewa da talabijin, domin akwatin bai iya ɗaukar taron jama'a yadda yake ɗaukar fuska biyu da ke kusa da juna ba. A irin wannan wasa aiki kashi biyu ne. Akwai wanda wannan maƙala za ta kira mai shimfiɗa, shi ne mai ɗauko zance cikin natsuwa, ya yi tambaya ko ya kafa wata da'awa ya tsaya a kanta da gaske. Akwai kuma mai kayarwa, wanda yake jiran shimfiɗar ta daidaita sannan ya birkita ta da kalma ɗaya ko da kallo kawai. Masu kallo sukan watse da sunan na biyun a bakinsu, kuma masu nazari, waɗanda ya kamata su fi kowa lura, sau da yawa sukan bi sahunsu.

Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne cewa dariyar da ake jingina wa mutum ɗaya aikin hannaye da yawa ce, kuma cewa mai shimfiɗa da wanda ya tsara zancen a bayan fage su ne suke ɗauke da mafi yawan nauyin. An zaɓi Eric Morecambe da Ernie Wise na Birtaniya a matsayin ma'auni saboda dalilai biyu: na farko, an san yadda ake shirya wasansu dalla-dalla, tun daga marubuci har zuwa kafintan da ya haɗa dandamali, na biyu, wani faifan wasansu da aka ɗauka ya ɓace har abada a Nijeriya aka gano shi, lamarin da ya sa tarihinsu ya taɓo tambayar da ta fi shafar Nijar da Nijeriya, wato makomar abin da gidajen rediyo da talabijin na ƙasashen biyu suka ɗauka suka ajiye.

Murya biyu a dandalin gargajiya

Bahaushe bai jira talabijin ba kafin ya san cewa magana mai daɗi tana bukatar mai karɓa. Makaɗi yana da ƴan amshi, maroƙi yana da sanƙira mai ɗaga abin da aka faɗa ya isar da shi ga taro, ƴan gambara kuwa, masu yawo kasuwa-kasuwa da gangarsu, wasansu duka jifa ne da cafewa, wannan ya saki baƙar magana wancan ya tare ta ya mayar. Ƴan kama, waɗanda C. G. B. Gidley ya yi nazarin sana'arsu a wata maƙala ta 1967, sun shahara da kwaikwayon salon karatun malamai da na mawaƙa suna cusa zancen tuwo da nama a gurbin da ake jiran magana mai nauyi, kuma wannan kwaikwayo ya fi tashi idan akwai mai amsawa da fuskar gaskiya, domin natsuwar mai amsawar ce take nuna wa taro girman ɓarnar da aka yi wa zancen.

Akwai kuma wasan taubasantaka da na tsakanin ƙabilu, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sanya na Nijar cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2014. Muhimmancinsa ga wannan nazari shi ne cewa ya horar da kunnen jama'a a kan wata ƙa'ida: zagi yana zama abin dariya ne kawai idan mai saurare ya tabbata akwai zumunci tsakanin mai yi da wanda ake yi wa. Idan babu wannan tabbaci, kalmar da ta sa dariya jiya ita ce za ta haddasa faɗa yau. Za a ga nan gaba cewa wannan ƙa'ida ce marubucin Morecambe da Wise ya gano da kansa a 1969, kuma ita ce ta ɗaga wasansu daga mai kyau zuwa wanda ƙasa guda ta riƙe a matsayin nata.

Morecambe da Wise: abin da kyamara ba ta nuna ba

An haifi John Eric Bartholomew a 1926 a garin Morecambe da ke gaɓar teku a arewa maso yammacin Ingila, kuma sunan garin ya ara ya zama sunansa na wasa. Abokinsa Ernest Wiseman, wanda ya taƙaita nasa zuwa Wise, an haife shi a Leeds a 1925. Sun haɗu suna yara masu wasa a dandamali a ƙarƙashin mai shirya wasanni Jack Hylton, suka fara fitowa tare a Liverpool a 1941, da ƙarfafawar mahaifiyar Eric, Sadie, wadda ita ce ta fara ganin cewa su biyun sun fi kowannensu shi kaɗai. Tun farko suka ajiye cewa duk abin da aka samu raba-daidai za a yi, kuma a kan haka suka zauna fiye da shekara 40. Wannan batu na kuɗi ba ƙarami ba ne, domin a rabon kuɗi ake gane darajar da sana'a ta ba kowane ɓangare. A tsohon dandalin Amurka ma mai shimfiɗa ne yakan ɗauki kaso mafi tsoka, kamar yadda Bud Abbott ya riƙa karɓar kashi 60 cikin 100 a farkon haɗuwarsa da Lou Costello, saboda masu sana'ar sun san cewa gwanin shimfiɗa ya fi mai kayarwa wuyar samu.

Shigarsu ta farko talabijin da shiri nasu na kansu, wato Running Wild da BBC ta nuna a 1954, faɗuwa ce warwas, jaridu suka yi musu kaca-kaca, kuma babban abin da ya jawo haka shi ne an ba su rubutun da bai san su ba. Da suka koma da shirin Two of a Kind a tashar ATV ta Lew Grade a 1961, marubutansu Dick Hills da Sid Green sun fara da cika fage da ƴan wasa masu yawa, har mutanen biyu suka nutse a cikin taro. Abin da ya cece su ya zo daga inda ba a zata ba: a ƙarshen wannan shekara ƙungiyar ƴan wasan kwaikwayo ta Equity ta shiga yajin aiki a tashoshi masu zaman kansu, su kuwa Morecambe da Wise ƴan wata ƙungiya ce dabam ta masu wasan dandali, saboda haka suka ci gaba da aiki amma babu waɗanda za a cika fage da su. Dole ta sa aka rage wasan ya koma kan mutum biyu, marubutan da kansu suna fitowa idan ana bukatar ƙarin jiki, kuma a nan ne aka ga abin da akwatin yake so daga gare su.

A 1968 Bill Cotton na BBC ya jawo su can da alkawarin talabijin mai launi, wanda a lokacin tashar BBC2 ce kaɗai take da shi. Sun yi zango ɗaya, sai ciwon zuciya ya kayar da Eric a watan Nuwamba yana da shekara 42, Hills da Green kuma, ganin ba tabbas zai koma aiki, suka kama gabansu. Wanda aka kawo a madadinsu shi ne Eddie Braben, mutumin Liverpool da ya taɓa sayar da kayan marmari a kasuwa kafin ya zama mai rubuta wa ɗan wasa Ken Dodd gajerun barkwanci. Braben ya zauna da mutanen biyu, ya lura da cewa shaƙuwar da ke tsakaninsu idan babu kyamara ba ta fitowa a wasan da ake rubuta musu, inda Eric yake wawa mai zafin baki, Ernie kuma allon da ake jifa kawai. Gyaran da ya yi a kan Ernie ya yi shi. Ya mayar da shi mutum mai ji da kansa, marowaci, wanda ya yi imani shi babban marubucin wasan kwaikwayo ne alhali abin da yake rubutawa shirme ne, Eric kuma ya zama abokin da yake tsokanarsa amma ba ya yarda wani na waje ya taɓa shi. Ya zaunar da su gida ɗaya, har ya kwantar da su gado ɗaya suna hira, abin da suka ƙi da farko sai da ya tuna musu cewa Laurel da Hardy sun yi haka. Daga lokacin da mai shimfiɗa ya sami hali nasa na kansa, da buri da rauni, tsokanar ta koma irin ta taubasai, kuma manyan baƙi suka sami ƙofar shigowa, domin wasannin banza na Ernie suna bukatar taurari: ta haka Glenda Jackson ta fito a matsayin Kiliyobatira a 1971, fitowar da ta buɗe mata hanyar fim ɗin barkwanci A Touch of Class da ya kawo mata kyautar Oscar.

Na huɗu a wannan ƙungiya shi ne mai shiryawa, John Ammonds, wanda ya gane cewa mutanen nan ƴaƴan dandamali ne, saboda haka ya sa aka gina musu dandamalin katako mai ɗan tudu da labule a cikin ɗakin ɗauka, domin ƙafarsu ta ji abin da ta saba ji kuma su riƙa kallon masu kallo daga sama kamar a gidan wasa. A ƙarƙashinsa, da kuma Ernest Maxin da ya gaje shi ya kawo manyan raye-raye, ana kwashe kwanaki ana gwajin kowane shiri, kuma mafi yawan abin da mai kallo yake ɗauka suɓutar baki ce ta nan take, har da ɗan jinkirin da ake yi kafin amsa da juyowar Eric ya dubi kyamara, an gwada shi an sake gwadawa. Shirin Kirsimeti na 1971 kuma ya nuna nauyin mai shimfiɗa a fili. Baƙon shi ne André Previn, jagoran ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra, kuma an tsara Eric zai lalata wani shahararren kiɗan fiyano na Grieg a gabansa. Tushen wasan tsoho ne, Hills da Green suka rubuta shi a zamanin ATV, Braben ya sake ɗinka shi. Previn bai sami halartar yawancin kwanakin gwaji ba, ya haddace rabonsa a mota daga filin jirgi, abin da ya tayar wa Eric da hankali ƙwarai, domin ya san cewa idan baƙon ya nuna alamar ya san wasa ake yi, komai ya rushe. Previn ya riƙe fuskarsa tamau a matsayin ƙwararren da aka ɓata wa aiki, kuma wannan riƙon ne ya sa har yau ake lissafa wasan a sahun farko na barkwancin Birtaniya. A wannan dare baƙo ne ya yi aikin mai shimfiɗa, kuma nasarar ta rataya a wuyansa fiye da yadda ta rataya a wuyan tauraron.

Wannan tsari yana da tsada, kuma ba kuɗi kaɗai ya ci ba. Braben, wanda yake rubutu shi kaɗai a gidansa na Liverpool ya hau jirgin ƙasa ya kai Landan a karanta a gabansa a yi ta yanka, ya kwanta rashin lafiya saboda gajiya da matsin aiki a 1972. Kowace Kirsimeti sai an nemi ta fi ta bara, har aka kai ta 1977, wadda alkaluman BBC suka ce kimanin mutum miliyan 28 suka kalla, wato wajen rabin jama'ar ƙasar, ko da yake wani ma'aunin na lokacin ya ba da adadi ƙasa da haka. A 1978 suka koma tashar Thames, Braben kuma yarjejeniyarsa ta riƙe shi a BBC har 1980, kuma masu sharhi sun yi ittifaƙi a kan cewa shirye-shiryen wannan zango ba su kai na baya ba, alhali fuskokin biyu ba su canza ba. Eric ya sake kamuwa da ciwon zuciya a 1979, ya rasu ranar 28 ga Mayu 1984 bayan ya sauko daga dandamali a Tewkesbury. Ernie ya rayu har 1999 ba tare da ya sake samun gurbin da ya dace da shi ba. A shekarar da ya rasu Sarauniya Elizabeth ta buɗe mutum-mutumin Eric a bakin tekun Morecambe, na Ernie kuwa sai a 2010 aka kafa shi a Morley, kusa da Leeds. Ko a ƙasar da ta adana sunan kowa, tuna mai shimfiɗa yakan zo a makare.

Takwarorinsu na BBC, Ronnie Barker da Ronnie Corbett, waɗanda shirinsu The Two Ronnies ya gudana daga 1971 zuwa 1987, sun ƙara wani haske a kan matsayin marubuci. Barker ya riƙa aiko da rubutunsa da sunan aro, Gerald Wiley, tun a wani shiri da ya gabaci wannan, domin a auna rubutun da ingancinsa ba da sunan tauraro ba, kuma abokan aikinsa sun daɗe ba su san shi ne ba. Ɗan wasan da ya ɓoye sunansa don a yi wa alƙalaminsa adalci ya fahimci cewa shahara takan rufe idon masu hukunci.

Damagaram, Kaduna da Wudil

A Nijar talabijin ya fara ne a matsayin kayan koyarwa a makarantu a 1964, aka kafa hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, ORTN, a 1967, sannan Télé Sahel ta fara watsa wa jama'a shirye-shirye a ƙarshen shekarun 1970, a zamanin Seyni Kountché, lokacin da gwamnati ta farfaɗo da samariya ta kuma kafa bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, inda jihohi suke gasar wasan kwaikwayo. Daga wannan yanayi ne wasan da ake kira teyatur ya bunƙasa da harshen Hausa, kuma ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, wadda malamin makaranta Yazi Dogo yake cikin jagororinta, ta zama abin kwatance a ƙasar baki ɗaya. Janet Beik, a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta bayyana yadda waɗannan ƙungiyoyi suke aiki: ba a rubuta maganganun wasa, ana zama ne a tattauna jigo, a tsara fitowa-fitowa da abin da ya kamata ya faru a kowace, sannan ƴan wasa su ƙirƙiri zancen da bakinsu a wajen gwaji, abin da ya yi armashi a riƙe shi, wanda bai yi ba a watsar, har wasan ya daskare ya zama abin da za a iya maimaitawa. Kowane ɗan wasa yakan ƙware a wani hali da jama'a suka sani, kuma idan aka duba da kyau halayen bibbiyu suke zuwa, sarki da bafadensa, alhaji da yaron gidansa, malami ko boka da mai neman taimako, ma'aikacin gwamnati da baƙauyen da ya zo ofis.

Ke nan aikin da Braben yake yi shi kaɗai a ɗaki yana nan a Damagaram, sai dai an raba shi a kan ƙungiya, kuma gwaji ne yake yanke abin da alƙalami yake yankewa a Landan. Kuskure ne babba, wanda ya daɗe yana yawo a bakin wasu ƴan boko, a ɗauka cewa rashin rubutu rashin tsari ne. Morecambe da Wise sun faro daga takarda suna wahala don ta yi kama da zancen nan take, ƙungiyoyin teyatur kuwa sun faro daga zancen nan take suna tace shi har ya sami ƙarfin rubutacce, kuma a tsakiyar hanya ɓangarorin biyu suke haɗuwa.

A Nijeriya zamanin rediyo da talabijin na gwamnati ya fito da mutane irin su Usman Baba Pategi, tsohon sojan da ya zama Samanja Mazan Fama a Kaduna ya rasu a 2023, da Ƙasimu Yero da ya rasu a 2017, da Karkuzu a Jos. Kuma ko Samanja, da Hausarsa ta bariki da tsawarsa, dariyarsa tana fitowa ne daga waɗanda yake yi wa tsawar. Amma misalin da ya fi kusa da batun wannan maƙala ya zo ne da zamanin bidiyo, bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990 ya buɗe kasuwar finafinan Kano. Rabilu Musa, wanda aka haifa a Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa a 1971, ya yi aikin gandiroba kafin ya zama Ibro, ya kafa sansaninsa a Wudil, ya zama uban nau'in fim ɗin da ake kira camama, wato barkwanci mai arhar shiri da ake ɗauka cikin ƴan kwanaki, kishiyar finafinan soyayya masu waƙa da rawa. Duk wanda ya kalli waɗannan finafinai ya san Ibro bai taɓa ba da dariya shi kaɗai ba: akwai Ƙulu da Yautai da Tsigai da Ɗan Gwari, daga baya kuma irin su Bosho da Daushe, waɗanda suke kafa masa zance, su ɗauki zagi, su yi mamaki a daidai inda ake bukatar mamaki. Sai dai sunayen finafinan, Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Ɗan Indiya, Ibro Aloko, suna ɗauke da mutum ɗaya ne, kuma dalilin na kasuwa ne, domin dillalan Ƙofar Wambai fuskar da ke bangon kaset suke saye. Wannan ya hana kowane mai shimfiɗa zama rabin wasa na dindindin yadda Ernie Wise ya zama. Ana iya musanya shi daga fim zuwa fim, kuma wanda ake iya musanyawa ba shi da bakin neman raba-daidai. Da Ibro ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, kasuwar da ta gina komai a kan suna ɗaya ta tarar ba ta reni wata haɗaka da za ta tsaya da ƙafarta ba, duk da cewa gwanaye suna nan.

Ba ana kira ba ne a ɗauko tsarin BBC a dasa a Yamai ko Kano. Tsarin da ya kwantar da marubucinsa, ya kuma matsa wa tauraronsa mai ciwon zuciya ya riƙa fin kansa kowace shekara, ba abin koyi ba ne ta kowace fuska, kuma hanyar ƙirƙira a taro tana da wata lafiya da sassauci da ya kamata a kare. Abin da ya cancanci ɗauka shi ne ɗabi'ar barin sawu: a rubuta wanda ya kawo jigo, wanda ya tsara fitowa, wanda ya jagoranci gwaji, a kuma ambaci mai shimfiɗa da sunansa na gaskiya kusa da na tauraro, domin haƙƙin mallaka da rabon kuɗi da tarihin adabi duka a kan wannan ambato suke tsayawa.

Faifan da ya ruɓe

Ita ma BBC ba ta tsira daga sakaci ba. A shekarun 1960 da 1970 kaset ɗin bidiyo mai faɗin inci biyu yana da tsada, saboda haka akan goge shiri a ɗauki wani a kansa, kuma ta haka mafi yawan zangon farko na Morecambe da Wise na 1968 ya salwanta. Abin da ya rage shi ne kwafin da ake juyawa a kan fim mai milimita 16, baƙi da fari, don sayar wa tashoshin ƙetare, a zamanin da tashoshi irin ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1962, suke cika sa'o'insu da shirye-shiryen da aka sayo. Philip Morris, mai farautar irin waɗannan faya-fayai, wanda ya gano kashi tara na shirin Doctor Who a Jos aka bayyana a 2013, ya tarar da kashi ɗaya na zangon 1968 a Nijeriya, amma cutar da ke kama fim a wuri mai zafi da laima ta riga ta cinye shi: sinadarin jikin fim ɗin yakan narke yana fitar da warin tsami, har naɗin ya manne ya zama dunƙule guda da ba a iya warwarewa. Masana a Jami'ar Queen Mary ta Landan, da na'urar hoton ƙashi da aka ƙera don binciken haƙori, suka yanka dunƙulen gunduwa-gunduwa da hasken leza, suka ɗauki hoton cikinsa, aka riƙa fito da hotunan ɗaya bayan ɗaya ta kwamfuta. Wasu kashi biyu kuma Morris ya same su a wani tsohon gidan silima a Saliyo, aka maido musu da launi, BBC ta nuna su a ƙarshen 2018.

An yi wannan wahala ne a kan shirin rabin sa'a saboda akwai hukuma mai kuɗi da jami'a mai na'ura da jama'ar da suka ɗauki barkwancinsu a matsayin tarihi. Zafin da ya narkar da wancan fim shi ne zafin da kaset-kaset na teyatur da na camama suke kwana a cikinsa, kuma kaset ɗin maganaɗisu, irin U-matic da Betacam da VHS da aka yi aiki da su a tashoshin yankin nan da kasuwar bidiyo, yana da tasa cutar, ga kuma na'urorin kunna shi da aka daina ƙerawa. Yamai tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: gidan rediyo da talabijin na ƙasa, wanda yanzu ake kira RTN, da cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, da cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka wadda tun 1968 aikinta shi ne tattara adabin baka, ga kuma ma'aikatun da ke yanke shawarar kasafi a unguwar Filato. Juyar da kaset zuwa kwamfuta shi ne mataki na gaggawa, amma kaset yana nuna abin da ya faru a gaban kyamara ne kawai. A wasan da ba a rubuta ba, bayanin wanda ya kawo wace magana, da yadda aka yi gardama a wajen gwaji, da yadda aka raba abin da aka samu, yana cikin kan waɗanda suka halarta, kuma mafi yawansu masu shimfiɗa ne da masu riƙe fitila da masu ɗaukar sauti, waɗanda ƴan jarida ba su saba neman su ba. Su ya kamata ɗaliban sassan Hausa na Yamai da Damagaram da Kano da Sakkwato su fara zama da su da na'urar ɗaukar magana, a kunna musu tsohon wasan a gabansu, a riƙa tsayar da shi fitowa bayan fitowa ana tambayarsu yadda aka gina kowace.